Kofin Da Aka Ware Wa Yaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan nan, yayata ta cika a gadon asibiti, jini ya taru a ƙirjinta ya danne huhu.

Yaya, ke kika mai da ni makaranci. Takardun da inji ya ɓata a shagon ɗab'in da kike aiki, su kike naɗo min a jaka, ki ce in karanta kafin shara ta riga ni. In na yi miki tsiwa sai ki yi dariya, ki ce bakina ya girmi hankalina.

Shekaru kina tarin jini. Aka ce tarin fuka ne. Aka ware miki kofi da cokali, aka mayar da katifarki ɗakin ajiya, aka hana 'yarki raɓar ki. Kika shanye maganin tas, tarin bai fasa ba.

Kullum Kawu ke raka ki asibiti. Ya shige tare da ke, ya zauna, likita ya tambaye ki, shi ya amsa. Ta yaya za ki faɗa a gabansa cewa tarin nan da al'adarki yake zuwa?

Likita ta ƙarshe ce ta gano, bayan an makara: irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ne ya tsiro a huhunki, yana zubar da jini duk wata. Ta ce da an gaya musu lokacin da yake tashi, da tuni sun duba nan.

Jiya na maimaita wannan a tsakar gida. Goggo, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce kin daɗe da gaya mata, har kin roƙe ta ta je ta faɗa wa likita, ta ce ki bar mata.

"To wannan zancen kai wa namiji ne?" in ji ta.

Ajali ba ya wuce ranarsa, na sani. Amma ɗakin ajiyar nan mutane ne suka kai ki, alhali mai iya fito da ke tana gidan.

'Yarki ta fara kukan ciwon kafaɗa duk wata in al'adarta ta zo, ina tsoron irin ciwonki ne. Gobe zan kai ta asibiti, in tsaya a waje, ta yi magana da bakinta. Kawu ya ce ba ni da kunya. Na ce masa kunya ai an binne ta ran Laraba.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya sa ciwon ya zame miki kaffara, ya haskaka kabarinki. Ina yi wa Inna da 'yarki ta'aziyya. Sauran, Allah ya ba ni ikon gaishe su.

Kofinki na wanke shi, na mayar cikin namu.