Awa Uku da Minti Goma Sha Biyu

Mai Kujeru ake ce masa a layin, don shekara talatin ke nan yana yi wa tsofaffin kujeru sabuwar riga. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai warin soso da gam, da keken ɗinki na lantarki wanda ƙararsa ke hana maƙwabta jin kiran waya. Mutum ne mai taurin kai na fitar hankali. Idan ya ce ƙusa a nan za ta shiga, ko katakon zai tsage sai ta shiga.

Da wannan taurin kan ya kori autansa. Yaron ya gama makaranta, ya ƙi kama almakashi, sai wasannin kwamfuta, kuma tsofaffi, waɗanda ko masu ƙera su sun manta da su. Uwarsa ce ke shiga tsakani, da ta rasu kuwa babu mai raba su. Wata rana Mai Kujeru ya ce, "Ka fita, kada in sake jin muryarka a gidan nan." Auta ya ɗauki jaka ya fita. Shekara huɗu ba wanda ya nemi wani.

Mai gyaran waya na shagon gefe ne ya shigo da labari. "Baba, ka san ɗanka yana bidiyo? Awa huɗu yana zuba a kan wasa ɗaya, masu kallonsa ko mota ba za su cika ba."

"Aikin banza," in ji Mai Kujeru. Da yamma kuma ya leƙa shagon gefen, yana sosa ƙeya. "Ina ake danna abin nan?"

Tun daga ranar, ƙarfe takwas na safe zai jingine waya jikin gwangwanin ƙusoshi, ya kunna, ya hau keke. Ba ya kallo. A allon wani ɗan mutum ne ke yawo da fitila a gidan da babu kowa, shi kuwa me ya haɗa shi da wannan? Maganar ma ba ya fahimta, keken ya cinye ta. Muryar kawai yake so, tana tashi tana sauka a bayan ƙarar inji, kamar Auta na ɗakin ciki yana hira da wani. Yana kewar yaron ƙwarai, amma bakin da zai faɗa ne babu. Kullum yana cewa gobe zai sa a rubuta masa saƙo, goben ba ta zo ba.

Bidiyon ƙarshe ya fi kowanne tsawo, kuma bayansa Auta bai sake saka wani ba. Mai Kujeru bai damu ba, ya yi ta maimaita shi har wata biyu.

Ran nan da hantsi yana tsakiyar ɗinke rigar doguwar kujera wuta ta ɗauke. Keken ya tsaya cak. Ya buɗe baki zai yi tsaki, sai ya ji muryar fes, karo na farko ba tare da inji ba.

"Nan dai na san ba wanda ke kaiwa," in ji Auta, yana 'yar dariya. "Sai mutum ɗaya. Lissafin shafin nan yana nuna min daga garinmu ake kallo, daga takwas na safe, kuma ranar da ake rufe shaguna ba a kallo. Baba, idan kai ne, na samu aiki nesa, zan daɗe ban dawo ba. Ran Asabar ɗin nan zan zauna a tashar jirgin ƙasa ta garinmu daga safe har azahar. Ba sai ka ce komai ba, ka dai zo. In ban gan ka ba, na san ba kai ba ne, sai in daina yaudarar kaina."

Daga nan ya koma bayanin yadda ake buɗe wata ƙofa a wasan.

Mai Kujeru ya ɗauki wayar, ya duba inda bidiyon ya kai. Awa uku da minti goma sha biyu. Ya lissafa: sau arba'in ko fiye maganar nan ta wuce ta kunnensa, har da safiyar waccan Asabar ɗin, lokacin da yake cusa soso a kujerar wani likita. 

Ya shiga shagon gefe ko takalmi babu. "Nuna min inda ake rubutu."

Mai gyaran waya ya duba. "Baba, wata biyu fa bai leƙo shafin ba. Ba lallai ya gani ba."

"Nuna min kawai."

Da yatsa ɗaya mai kanta ya yi ta laluben haruffa, yana gogewa yana sakewa. Wuta ta dawo, bai koma kan keke ba. Abin da ya iya rubutawa duka-duka shi ne: *Ni ne. Ban ji ba.*