Garuruwan da Kaka Ta Raɗa wa Suna

A gidanmu na titin Grand Concourse, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai hitar ɗumama ɗaki mai ƙara a gindin taga. Nan Kaka, mahaifiyar Baba, take miƙe ƙafa bayan magariba, ni da ƙanwata mu raɓi jikinta. Tana zuba Hausar zangon Kumasi, muna amsawa da Turanci, ta harare mu ta ci gaba.

Ranar da dusar ƙanƙara ta hana mu zuwa makaranta ta ce, "Matso, maigidana. Ga ta nan, amma ta yau ba ta Gizo ba ce, tawa ce."

Tana amarya ta bi mijinta, Kakanmu, zuwa ƙasar Cekoslobakiya, inda ya je koyon likitancin dabbobi. Aka tura shi wata gunduma ta karkara, ƙauyuka jere a kwari ɗaya, kowanne da cocinsa da shugabansa. Sunayensu sun fi ƙarfin harshenta, sai ta raɗa musu nata: Tudu inda suke zaune, Dawa mai masu saran itace, Gada a bakin kogi, sannan Birni mai asibiti.

Wani hunturu Kakanmu ya tafi duba shanu, hanya ta toshe a bayansa. Baba, yana jariri, numfashinsa ya soma sarƙewa. Kaka ta goya shi ta buga ƙofar wata tsohuwar maƙwabciya. Ba ta jin yarensu, sai ta kwance goyon kawai. Tsohuwar ta kasa kunne a ƙirjin yaron, ta ƙwala wa ɗanta kira.

Ɗan ya ɗaura doki a keken da ake ja a kan ƙanƙara ya kai su Dawa, inda dokin ya gaza. Masu saran itace suka ratsa da su daji har Gada. Mutanen Dawa da na Gada kuwa sun daɗe ba sa ga-maciji saboda rikicin iyaka.

"Suka tsaya suna kallon-kallo," in ji Kaka, "sai ubanku ya yi tari. Wani ɗan Gada ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe mu, ya ɗauko tarakta ya kai mu asibitin Birni."

A lokacin dokin kaɗai ya burge ni. Sai da na girma, ina kallon Baba da furfurarsa, na gane hannuwa nawa aka miƙa kafin a same ni. A ciwon Kaka na ƙarshe na tambaye ta sunayen mutanen, ko zan nemo jikokinsu.

"Ban taɓa sani ba," ta ce. "Gari-gari nake yi musu addu'a. Allah Ya san mai kowane gida."