Zalɓen da ya cinye mini kifin suna

Shekarun baya, bayan na ajiye tuƙin mota, zaman banza ya raɗa mini in yi kiwon kifi. Ni da ko firamare ban ƙarasa ba, na haƙa ɗan tafki a lambun bayan gidana a Chanchaga, na shafe shi da siminti, na zuba 'ya'yan tarwaɗa. Kullum da safe sai in tsaya bakin ruwan da wata farar rigata ina watsa musu abinci. Da sun hango ni sai su taso yuu, baki buɗe. Har cewa nake kifina sun fi 'ya'yana ladabi.

A lokacin 'yata tana da tsohon ciki, ni kuma bakina ba ya zama wuri ɗaya. Na shelanta a majalisa cewa ranar suna farfesun kifin gidana za a sha har a ture.

Sai sanyi ya shigo, ruwan ya ja baya. Wata safiya na leƙa, na tarar da wani dogon zalɓe tsaye cikin tafkin, kamar ubansa ne ya sayi simintin. Ina kallo ya soka baki, ya ɗago tarwaɗata tana mutsu-mutsu, ya haɗiye. Na cire takalmi na jefe shi. Ɗan banzan ko sauri bai yi ba wajen tashi, takalmin kuma ya faɗa gidan maƙwabci.

Na kai kuka wurin abokina, mai faci a bakin titi. Ya ce, "Mutumina, kai dai sai masifa, ba dabara. Kafa mutum-mutumi ka sa masa wannan farar rigar taka. Ko kura ta gan ta sai ta canja hanya."

Na kafa, har da hula. Na koma majalisa ina hura hanci. Amma kifi sai ƙara raguwa suke.

Ran nan matata ta kira ni ta taga: "Malam, zo ka ga ƙaninka na bakin tafki ya samu baƙi."

Na leƙa. Kifina ne kaf suka taru ƙarƙashin rigar, baki buɗe, suna jiran abinci. Zalɓen yana tsaye gefenta yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Har ya gayyato ɗan'uwansa.

"Ai kai ka koya musu," in ji ta. "Yanzu ka tara masa su wuri guda, ko wahalar nema ba ya yi."

Na fita da taɓarya. Tsuntsaye suka tashi abinsu, ni kuma na rufe mutum-mutumin da duka har na kekketa rigata da hannuna.

Ranar suna, 'yan kifin da suka tsira ko tukunyar shayi ba su cika ba. Abokin nan nawa ya juya cokali cikin kwano, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Mutumina, ruwan tafkin aka ɗumama mana?"

Na ce, "Je ka tambayi zalɓen da ka ba da shawarar a yi wa hidima, munafuki!"

Yanzu alayyafo ne a ramin. Jikan nawa ya girma, kuma ya san in mun bi ta dam ɗin Tagwai na hango zalɓe, sai an tsaya na zage shi tas. Kifin dai na yafe, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wata da watanni ina taƙama kifina sun san ni suna ƙaunata, ashe rigar suka sani.