Jakar Farautar da Na Saya a Bayan Rumfuna

A lokacin da wannan abu ya same ni ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, muna zaune a wani ƙauye da ke gefen Kajiji a ƙasar Shagari. Da damina manomi ne ni, gero da wake, idan aka kai amfanin gona gida kuma sai in koma farauta, wadda na gada wurin mahaifina. A cikin sa'o'ina ana yaba mini ƙafa da ido, kuma da wuya karnukana biyu su shiga daji mu dawo hannu biyu. Sai dai ina da wani hali da ban san aibu ba ne sai daga baya. Ban yarda da kowa ba a kan saye da sayarwa. Da mutum ya ce mini ga inda zan sami abu mai kyau, abin da ke fara zuwa raina shi ne, shi me zai ci a ciki?

Shekarar nan burgamin da na gada, wato jakar fatar da nake ratayawa, ya gaji. Igiya ɗaya gare shi, kuma kayan mafarauci ba kaɗan ba ne: jarkar ruwa, barandami, wuƙa, albarushi, ɗan gari da ƙuli-ƙuli, ga bindigar toka a ɗaya kafaɗar. Idan Allah ya ba da sa'a aka sami zomaye da zabi, ko aka yi dace da gada, to duk nauyin a kafaɗa ɗaya yake sauka. Har ta kai idan na dawo ba na iya ɗaga hannun dama, sai matata ta gasa mini da ruwan zafi. Na ƙudurta cewa bana sai na sami jaka mai igiya biyu, wadda ake ɗaurewa a ƙugu, yadda nauyin zai bar kafaɗa ya koma kan kwankwaso.

Ina da amini, tun muna yara muke bin manya daji tare, kuma shi ne ya tsaya mini ranar aurena. Da na gaya masa bukatata sai ya ce mu je Bodinga ranar kasuwa, akwai wani dattijon baduku da ya san aikinsa. Muka hau mashin ɗinsa muka tafi. Dattijon ya sa na juya masa baya, ya auna daga wuyana zuwa ƙugu da zare, ya tambayi irin kayan da nake ɗauka da kuma tsawon tafiyar da nake yi. Ya ce jakar ɗaukar nauyi ba girmanta ake dubawa ba, wurin da igiya ta haɗu da jiki ake dubawa, da gindinta, don nan take fara mutuwa. Ya ce zai yi mini da tamfol mai kauri, ya ninka gindin da fata, ya sa auduga a igiyoyin, amma sai na ba shi mako biyu. Da ya faɗi kuɗin aikin sai na ga aminina yana gyaɗa kai tun kafin in ce komai. Nan take zuciyata ta ce mini sun gama magana tun kafin mu zo, yana da la'adarsa a ciki. Na ce wa dattijon zan yi shawara, muka fito.

Muna zaune wurin mai shayi a bakin kasuwa sai wani mutum ya tsaya kusa da mu, da buhu a hannu. Ban san shi ba, mai shayin ma bai san shi ba. Ya ce ya ji muna maganar jaka, in muna so mu zagaya bayan rumfuna ya nuna mana wata. Da ya zaro ta daga buhun sai daɗi ya kama ni. Irin mai launin kakin soja ce, ga ƙarfe a baya da ke tokare ta, ga ɗamara mai laushi ta ƙugu, ga aljihuna ta ko'ina. Na zuba duwatsu a ciki na goya, na yi taku kamar ashirin, na ji kamar ban ɗauki komai ba. Kuɗin da ya nema bai kai rabin na badukun ba, kuma ko tayawa ban gama yi ba ya sallama. Aminina ya ja ni gefe ya ce shi hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce mutumin ba shi da rumfa, yana ta waige-waige, kuma a irin wannan zamani kayan da suka yi kama da na soja ba abin ratayawa a shiga daji da su ba ne. Ni kuwa abin da na ji a maganarsa kawai shi ne haushin la'adar da ta kuɓuce masa. Na gaya masa haka a fuskarsa, cikin dariya, amma ya san ba wasa nake ba. Na biya kuɗin, na goya jakar, muka koma gida.

Gaskiya jakar ta yi aiki. Fita huɗu na yi da ita, kafaɗata ta huta, har 'yan uwana mafarauta suka riƙa tura mini nasu kayan in ɗauka. Na buɗe aljihunan da na gani, na kakkaɓe, amma ban taɓa zare ƙarfen bayan ba, ban ma san ana zare shi ba.

A fita ta biyar muka shiga dajin da ke bayan Lambara tun da hantsi. Wajen azahar karnukana suka tayar da gada, na bi su har na rabu da ayari. Na same ta, na yanka, na naɗe ta cikin jakar, na ɗaure bakin. Ruwana ya ƙare, ga rana, sai na nufi wani ƙauye da na hango don in sha ruwa in tambayi hanya. Ban san cewa kwanaki kaɗan kafin nan an ɗauke musu mutane biyu a gona ba. Matan da ke bakin rijiya suna ganina, baƙo da bindiga da ƙatuwar jakar soja tana ɗigar jini, suka watsar da gugansu suka ruga. Kafin in kai rijiyar 'yan sa-kan garin sun kewaye ni.

Babbansu ya sa na ajiye bindiga na zauna a ƙasa. Ya taɓa jakar da ƙafa ya ce, "Wagga jikka, ina kas samo ta?" Na ce a Bodinga na saya. Ya ce wurin wa, na ce ban san sunansa ba. Ya ce wace rumfa, na ce ba shi da rumfa. Ina jin amsoshina da kunnena ina sanin ko ni ne ba zan yarda ba. Suka zazzage jakar, gada ta faɗo, wasu suka fara sassautowa. Sai ɗaya daga cikinsu, wanda da alama ya san irin jakar, ya ɓalle wani maɓalli a sama ya zare ƙarfen. Bayan ƙarfen akwai wani siririn aljihu. Ya zura hannu ya fito da leda a ƙulle, a ciki akwai kwanson harsasai na babbar bindiga, da layukan waya guda uku, da wata takarda mai lambobi. Ban taɓa ganinsu ba, amma wa zan gaya wa? Na ji wani ya ce ga mai kai wa 'yan bindiga abinci daji, na ji sanda ta sauka a bayana, ta biyu a kaina. Mai garin ne, dattijo mai sanda, ya ratsa mutane ya tsaya a kaina ya ce duk wanda ya ƙara taɓa ni shi ya taɓa, hukuma za a kai ni.

Kwana tara na yi a tsare a ofishin 'yan sanda, kuma a nan ne na aikata abin da ya sa na rubuto muku. Da masu bincike suka tambaye ni wa nake zargi, sai tunanin nan nawa ya taso. Na ce a raina, wa ya san na sayi jakar, wa ya ji haushin sayenta, wa yake taɓa ta idan mun zauna hutawa? Na buɗe baki na ambaci aminina. Na ce mai yiwuwa shi ya sa mini kayan. A daidai ranar da na faɗi haka, shi kuma yana can yana yawo a kan mashin, ya ɗauko sarkin bakan yankinmu, shugaban mafarauta, ya koma Bodinga ya roƙi dattijon baduku da mai shayi su bar sana'arsu su zo su ba da shaida. Da ƙafarsa ya shigo ofishin tare da su. Yana faɗin sunansa aka riƙe shi. Kwana biyu ya yi a ɗakin da ke kusa da nawa, kuma an gaya masa wanda ya ambace shi.

Shaidar mutanen da ya kawo ce ta fitar da mu. Mai shayi ya kwatanta mutumin da buhunsa, badukun ya ce lalle na zo neman jaka a ranar, kuma aminina ya raka ni ne kawai, ko sisi bai taɓa nema a wurinsa ba. Sarkin baka ya tsaya mini a kan sanin da ya yi wa mahaifina. Masu binciken suka ce ledar ta daɗe a wurin, har ta manne da tsatsar ƙarfen. Aka sa muka sa hannu, aka riƙe jakar da bindigata, aka sallame mu.

A ƙofar ofishin na kama hannunsa zan yi magana, ya ce in hau mashin rana tana yi. Har ƙofar gida ya kai ni, ya gaishe da matata, ya tafi. Bayan kwana biyu na je da wan mahaifina na ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don ba mutum ne mai magana biyu ba. Muna gaisawa a masallaci, ya zo sunan ɗana na biyar. Amma tun daga ranar bai sake shiga daji tare da ni ba, kuma idan na iso majalisa yakan ɗan jima kaɗan ya tashi. A garinmu kuwa har yau akwai waɗanda ke rage murya idan na wuce. An taɓa cewa da matata a wurin niƙa ai ba a kama mutum haka kawai.

Na yi shekaru ina ganin rashin yarda da mutane wayo ne. Abin da na gane shi ne ban taɓa zargin wanda ya cancanci zargi ba. Baƙon da ya kira ni bayan rumfa na amince masa saboda ya faɗi abin da nake son ji, wanda ya yi shekara talatin tare da ni kuma na tuhume shi saboda ya faɗi abin da ba na so. Ina kira ga 'yan uwana mafarauta da duk mai shiga daji, ku sayi kaya wurin wanda za ku iya komawa ku same shi gobe, ku guji duk abin da ya yi kama da na jami'an tsaro, kuma in kun sayi na hannu ku kwance shi ɗinki-ɗinki kafin ku rataya. Abin da ya fi wannan kuma, idan tsoro ya kama ku aka ce ku ambaci wani, ku tsaya a kan abin da idonku ya gani. Dukan da na sha ya warke cikin wata guda. Sunan da na ambata a ɗakin nan kuwa, har yanzu ban sami hanyar mayar da shi bakina ba.