Madarar Wule

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku. Wasu sun ɗauka na yi fushi, wata ma ta tambaya ko haihuwa na yi. Ba ko ɗaya. Kwanciya na yi, irin wadda mutum ke fara yafe wa mutane tun ba su roƙa ba.

Da zazzaɓin yamma abin ya fara. Da safe garau nake, in je makaranta in koyar, amma da la'asar ta yi sai sanyi ya kama ni, gumi ya jiƙa min riga. Na sha maganin maleriya. Ya lafa, ya dawo. Aka ce taifot. Na sha nasa, aka yi min ƙarin ruwa, ya lafa, ya sake dawowa.

Daga nan bayana ya riƙe. Ni da nake takawa daga Jekadafari har kasuwa, sai ga shi maigidana ne ke ɗaga ni zuwa bayi. A zaune nake salla, daga baya a kwance. 'Yata Hafsa ta tambaye ni ko haka zan zauna har abada.

An ɗauki hoton baya, an ɗebi jini har jijiyoyina suka ɓuya. Kowace takarda ta fito sai a ce babu wani abu a fili. Keken ɗinkina ya tafi, 'yan kunnena suka bi shi. Wallahi babu abin da ya fi ciwo irin ka ji kana ƙarewa, takarda tana cewa lafiyarka ƙalau.

Mahaifiyata, Dada, a ruga take. Tun da na yi aure take aiko min da sabuwar tatsa daga Wule, jikar saniyar da Baffana ya ba ni ran suna. Da ta ji na kwanta sai ta baro shanun ta zo da kanta, da jarkar madara a hannu.

"Sha, Bingel. Abincin birni ne ya tsotse ki." Bingel take kirana, wato yarinya da Fulatanci.

Na sha. Ita kaɗai ke shiga cikina.

Wata likita ce ta same ni da kofin a hannu a ɗakin jinya. Ta tsaya ta duba. "Malama, an tafasa wannan?"

Dada ta ce wa ke tafasa madarar saniyarsa? Likita ta tambaye ta ko shanun suna ɓari. Dada ta ce Wule ta zubar, da wasu ma, cutar bakkale ce ta shiga garke.

Likita ta ce tana zargin cutar ce a jikina, amma asibitin ba shi da kayan tabbatarwa, kuma bayan duk magungunan da na sha, tana tsoron ɗora wa hantata wasu na tsawon makonni a kan zato. Ta ce akwai masu bincike a wata jami'a da ke da na'urar da take gano ƙwayar halittar cutar a cikin jini, ko da kaɗan ce. Sai dai don shanu aka kawo ta.

Na yi dariya har bayana ya amsa. Na ce a rubuta ni a saniya, ban damu ba.

Ba abin dariya ba ne ashe. Ƙa'idar aikinsu ba ta ba su damar taɓa jinin mutum ba sai wani kwamiti ya amince. Jinina yana cikin firji, ni ina kan gado, kwamitin bai zauna ba. Kullum maigidana ya shigo sai in kalli fuskarsa, shi kuma ya kalli ƙasa. Ban taɓa jin ba ni da iko da komai ba kamar a lokacin.

Da izinin ya fito, sakamako bai daɗe ba. Cutar ce. Burusela, wato bakkale.

Dada ta miƙe. Ta ɗauki jarkar ta fita, na ji tana tsiyayar da ita a magudana. Ta dawo ta zauna nesa da gadona, kamar ita ce cutar.

Na sha allurai har zama ya gagare ni, da ƙwayoyin da ke mai da fitsari ja. A hankali zazzaɓin ya daina zuwa. Ranar da na yi ruku'u da kaina, kuka na yi a kan sallaya.

Alhamdu lillahi. Likitar da ta kalli kofina, masu binciken da ban taɓa ganin fuskarsu ba, maigidana, maƙwabciyata Maman Chidi da ta riƙe min Hafsa, Allah Ya saka muku.

'Yan uwa, ku tafasa madara, ko ta saniyarku ce. In zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, ku faɗa wa likita abin da kuke ci da sha, da dabbobin da kuke zama da su. Masu iko kuma, don Allah ku sa irin wannan na'ura inda marasa lafiya suke.

Dada ta daɗe tana fama da gwiwa da gumin yamma. Madara ɗaya muka sha. Da na miƙe na kai ta a gwada ta, aka ce wa'adin binciken ya cika, sinadarin ya ƙare, na'urar tana rufe da ƙyalle. Dada ta ce tsufa ne. Ƙila tsufan ne. Ba mu da hanyar sani.

Jiya ta zo da filas, tana ɗingishi. Ta dafa madarar har tana ƙauri. Ta zuba, ta kurɓa da kanta, sannan ta miƙo min.

"Sha, Bingel. Wannan karon na kashe cutar."