Kifin Da Bature Ya Mayar Ruwa

Shekarun baya na tafka wauta a bakin wani tafki, kuma kada ku wahalar da kanku wajen neman wawan labarin. Ni ne, da furfurata da komai.

Lokacin aiki biyu nake yi. Da safe ina wani sito a garin McLeansville, a ƙasar Turawa, ina lodin kwalaye, da yamma in ja tasi in yi ta kewaya Downtown, wato tsakiyar birni. Rannan jiri ya kwashe ni a bakin aiki. Likita ya auna ni, ya ce hawan jini ne, in ban ajiye aiki ɗaya ba jikin ne zai ajiye ni. Na ce na gode, washegari na koma duka biyun. Matata ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi gaba da ni, ina nan kan bakana. Na ce ban tsallako teku don in miƙe ƙafa ba.

Ashe ta kai ƙarata wurin abokina, wani ɗan Nijar da muke sallah masallaci ɗaya. Wata Asabar sai ga shi da mota, ita har ta shige baya da kular abinci.

Ya ce, "Tsoho, shigo mu kai ka ka ga ruwa."

Na ce, "Ni mutumin Yawuri za a kai ganin ruwa? Kai da ka tashi kana bin jaki zuwa rijiya?"

Ya ce, "Shigo dai, sarkin ruwa. Wannan a kan dutse yake."

Muka nausa yamma, muka yi ta hawa, hanya na lanƙwasa, kunnena ya toshe, har na fara karanta abin da ya sawwaƙa. Can sai ga shi. Ruwa kwance tsakanin duwatsu kamar an zuba a ƙwarya, itatuwa sun yi ja, sun yi ɗorawa, ga su a sama ga su kuma a cikin ruwan. Matata ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Ni kuwa abin da na fara gani shi ne wayata ba sabis, kuma ranar Asabar ake kiran obataim, wato ƙarin awannin aiki. Na hau wani dutse ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata.

Abokina ya hura gawayi ya ɗora shayi, irin nasu wanda sai ka manta ka nema sannan a miƙo maka.

Daga kan dutsen na hango wani tsohon Bature a kujera, riƙe da sandar fatsa, ko motsi ba ya yi. Ina cikin yi masa kallon marar aikin yi sai sandar ta lanƙwashe. Jama'a, ya jawo kifi! Ni ɗan masunta ne, na san kifi in na gani, wannan zai ciyar da gida har maƙwabta su samu. Na sauko da gudu in taya shi murna. Ya zare ƙugiyar a hankali, ya dubi kifin kamar sun san juna, ya sunkuya ya mayar da shi ruwa.

Na ce, "Innalillahi!" Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba. Na kai hannu, kifi ya yi nasa wuri, ni na tsaya tsamo-tsamo har cinya, ga sanyi kamar ƙanƙara.

Da turancin da na tsinta a sito na yi masa wa'azi. Na ce abinci ne ka zubar, in ba ka so ga matata can, farfesunta sai ka lashe kwano. Ya yi dariya ya ce yana da abinci a gida, shi zama ya zo yi.

Na ce, "To kifin fa?"

Ya ce, "In na ce wa tawa matar zan je bakin ruwa in zauna kawai, cewa za ta yi in gyara mata gareji."

Dole na zauna a rana wando ya bushe. Tun ina ƙunƙuni har na yi shiru. Na ji ruwa na taɓa duwatsu, na ji iska a ganye, na ji har numfashina, wanda na daɗe ban saurara ba. Sai mahaifina ya faɗo mini. Bayan azahar yakan zauna gindin bishiya a bakin kogi yana ɗinkin taru, wani lokaci ma ba ya ɗinka komai, kallon ruwa kawai yake. Ba wanda ya taɓa ce masa rago, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Ni ɗansa na zo ƙasar da ake mayar da kifi ruwa don ƙoshi, na rasa lokacin shan shayi a zaune. Har yau in na tuna wannan yinin sai in ji kafaɗuna sun sauka.

Makullin tasi dai na mayar kafin sanyi ya shigo. In an tambaye ni nakan ce likita ne ya sa. Ba likita ba ne.

A hanyar dawowa bakina bai mutu ba. Na gyara murya na ce, "Duk da haka ɓarna ce. Abin da mutum ya kama da wahala ba ya saki."

Abokina ya ce, "Hajiya, kin ji malaminku."

Ta ce, "Na ji. Malam, kana ta kallon kanka a mai fatsa, alhali kai ne ƙugiya ke baki. Shi kifin ya samu mai tausayi ya sake shi da ransa. Kai masu riƙe da kai sai a akwatin gawa za su sako mana kai."