Mayaƙa Goma Sha Biyu, Hannu Biyu

"Wai har yanzu akwai masu buga wannan abin? Na ɗauka ya mutu tun muna makaranta."

"Ga shi kana gani, kasuwar cikinsa cike take da mutane."

"Waɗanne mutane? Ni dai kujeru nake gani, babu kowa a kai."

"Rage murya, mai shagon yana ji. Kar ya fito maka da kunne uku a hoton fasfo."

Nozim ya ji su sarai, amma bai ɗago ba. Ya yanka musu hotunansu, ya miƙa, suka haura matakala suna dariya. Shekararsa arba'in da ɗaya, kuma goma sha tara daga ciki a wannan ɗakin na ƙasa ya yi su, bayan kasuwar Panjshanbe a Khujand. A da kwamfuta goma sha huɗu ce a jere, sai mutum ya yi layi kafin ya sami kujera. Yanzu shida suka rage, an tura su jikin bango, gaban shagon ya koma na fotokwafi da hoton masu tafiya Rasha.

Wasan sunansa Ayarin Ƙarfe. Kamfanin ya raba 'yan wasa zango-zango, kowane zango da kasuwarsa da ganuwarsa, kuma duk Lahadi da la'asar runduna biyu sukan gwabza a kan ganuwar. Rundunar Nozim ita ce Gaggafa. Lokacin da take tashe su arba'in ne, har da masu roƙon a saka su. Idan suka ci ganuwa, shinkafar osh ake dafawa a babbar tukunya a bakin kogi, wanda ya fara mutuwa a yaƙin shi zai wanke kwanuka.

Sai aka fara tafiya. Komron ya tafi Mosko aikin gini, Hurshed ya bi shi, wasu suka nufi Surgut, can cikin Rasha. Nozim shi kaɗai ne namiji a gidansu, ga mahaifinsa kwance da shanyewar ɓarin jiki, don haka ya zauna. Kafin tsohon ya rasu, zaman ya riga ya bi jikinsa. Duk wanda zai tafi a shagon yake ɗaukar hoto, in an gama sai ya jawo littafin da ke kan tebur ya rubuta sunan mayaƙinsa da kalmar sirri, ya ce a riƙe masa amana sai ya dawo, kamar yadda ake barin makullin gida wurin maƙwabci. Shekarar farko sukan leƙo daga can. Daga baya aure ya zo, aiki ya yi yawa, waya ta ishe su.

Dokar kamfanin kuwa ba ta san Mosko ba. Ba a buɗe yaƙi sai kowane ɓangare ya kawo mayaƙa goma sha biyu, kuma zangon da ya yi Lahadi huɗu a jere babu yaƙi rufe shi ake yi, da duk abin da ke ciki. Ranar da Gaggafa ta koma mutum goma sha ɗaya, Nozim ya buɗe littafin ya shigo da Komron da kansa. Bayan shekara shida, duka goma sha biyun shi ne.

Ya ƙware, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Kowace kwamfuta mayaƙi biyu. Yakan soke tsinken ashana a gefen madanni don maharba su yi ta harbi, shi kuma yana zirga-zirga a kan kujera mai taya, har tayoyin suka yi hanya a simintin. Bai tsaya nan ba, sai da ya ba su baki. A wurin hira yakan rubuta ashar irin ta Komron, ya koma can ya sa Hurshed ya ba shi haƙuri, ya dawo nan ya tsawatar musu duka a matsayinsa na shugaba. Duk don kada rundunar Kunama, abokiyar karawarsu, ta gane. Su Kunama kullum cike suke, ga zagi, ga ba'a, akwai wani cikinsu da ba ya buɗe baki sai ya tambayi lafiyar kakar Nozim. Shi kaɗai yana riƙe da ganuwa a gaban taron mutane: da wannan yake kwana, da shi yake tashi. In wani ya yi tambaya a intanet ko wasan yana da sauran jama'a, da suna uku yake amsa masa, kowanne yana cewa ya zo ranar Lahadi ya ga ƙura.

Matarsa Mavjuda ta daɗe da daina magana a kan wasan. Bikin ƙanwarta ma ranar Lahadi aka yi, ya zo bayan an kwashe kwanuka. Abin da ta ce kawai shi ne, da ta sani da a cikin kwamfutar aka ɗaura mata aure, da ta riƙa ganin miji.

A ranar Larabar da samarin nan biyu suka yi masa dariya, akwai mutum na uku a layi, mai furfura a gemu, yana ɗan ɗingishi. Ya zauna aka ɗauke shi hoto, ya ba da fasfo aka kwafa, amma bai tashi ba. Ya ƙura wa kwamfutocin ido, ya ga tsinken ashana, sai ya yi murmushi.

"Ni cokalin shayi nake ɗorawa. Ashana karyewa take yi." Ya juyo. "Yaya jikin kakar taka, Nozimjon?"

Almakashin ya tsaya a hannun Nozim. Mutumin ya ce sunansa Dilovar, direban tasi ne daga Konibodom, kuma shi ne Kunama. Nozim ya tambaye shi wanne daga ciki.

"Duka. Mai zagin kaka, da mai kukan intanet ba ƙarfi, da yarinyar nan mai baka da kake sassauta wa. Ita ma ni ce, ka yi haƙuri."

Ya ce nasa mutanen sun riga na Nozim watsewa. Kwamfuta huɗu gare shi a ɗakin ajiyar kaya, kusa da buhunan busassun 'ya'yan itacen abirkot. Nozim ya haɗa shayi don hannunsa ya sami abin yi, ya zuba ya mayar a buta sau uku yadda aka saba, ya miƙa masa kofi. Sannan ya tambaya, yana kallon buta, ko Dilovar ya san shi ma shi kaɗai ne.

Dilovar ya ce ya sani tun shekara huɗu da suka wuce. Wata Lahadi cikin sanyi an ɗauke wuta a unguwar kasuwa, sai Gaggafa goma sha biyu suka ɓace lokaci ɗaya, har da wanda ke cewa daga Mosko yake bugawa. Ganuwa ta zauna a buɗe minti ashirin.

Nozim ya tuna ranar. Ya sha ba da labarinta. Ya ce ai ko da wuta ta dawo ya tarar Kunama ba su iya fasa ƙofa ba.

"Ƙofar da babu mai gadi? Shayi na je na sha, na jira ka. In na cinye ka kullum ka yi fushi ka daina, da wa zan yi? Ba ka lura ba, wata uku kai, wata uku ni?"

Nozim bai lura ba. Ya zauna yana bin nasarorinsa ɗaya bayan ɗaya a zuci, kowacce ya taɓa sai ya ji ta kamar kyautar da ake ba mara lafiya don ya ci abinci. Dilovar ya ci gaba da bayani a hankali: ɗansa ya samo masa aikin gadi a Surgut, jirgi ranar Juma'a, kwamfutocin kuma surukinsa ya riga ya kwashe. Ya ciro wani littafi mai bangon leda daga aljihun kwat ya ajiye a tebur. Goma sha biyu ne cif, in ji shi, ya ma rubuta yadda kowanne yake magana.

"Yaya Dilovar, ɗauki kayanka. Nan shagon hoto ne, ba maƙabarta ba."

"To wa zan ba? Duk lardin nan kai kaɗai ka san abin da ke ciki."

Ya shafa addu'a, ya yi godiyar shayi, ya hau matakala da ƙyar. Littafin ya bar shi a kan teburin.

Lahadi uku Nozim bai taɓa shi ba. Yakan jera Gaggafa a kan ganuwa da la'asar, su tsaya suna kallon fili, babu ko kare. Ya gwada sa Komron ya yi ashar, sai ya ga babu mai karantawa, ya goge. Ya aika wa tsofaffin 'yan rundunar saƙo a waya. Hurshed ya turo hoton 'ya'yansa a cikin ƙanƙara, ya tambaya ko wasan nan yana nan ashe. Komron ya ce a sayar da mayaƙin nasa in akwai mai so. Sauran ba su amsa ba. A mako na huɗu jan rubutu ya fito a saman allo, cewa in ba a yi yaƙi wannan Lahadin ba za a rufe zangon ranar Litinin.

Ranar Lahadin, da hantsi, ya rufe ƙofar shagon, ya buɗe littafin Dilovar. Rubutun direba ne, manya-manya, a karkace. Ya ɗora mayaƙa huɗu a kowace kwamfuta, uku na bangon dama Gaggafa, uku na hagu Kunama. Injinan suka ɗauki zafi suna gurnani. La'asar ta yi, ƙaho ya busa, kamfanin ya ƙirga ashirin da huɗu ya gamsu, jan rubutun ya ɓace.

Ya tura kujera hagu ya harba kibiya, ya turo ta dama ya kare. Ya koma hagu ya aika mutum uku ta bayan ganuwa, ya dawo dama ya tarar da kansa yana jiransu. Ya rubuta gaisuwar kaka, ya zauna yana kallonta. Minti goma bai cika ba ya sauke hannu a cinya. Mayaƙa ashirin da huɗu suka tsaya cak a fili, sai maharban da ashana ta danne suna ta harbin bango.

A haka Mavjuda ta same shi. Ta shigo ta ƙofar baya da kwanon osh naɗe a tawul, don tun safe bai ci komai ba. Ta dubi allunan, ta dube shi, ta ce baban Nigina, yau kuma wa ake ci? Ta ajiye kwanon ta juya za ta fita, sai ya tashi ya jawo mata kujera gaban kwamfutar ƙarshe ta hagu, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya nuna mata madanni ɗaya.

"Maman Nigina, don Allah zauna nan. Wancan mai jan doki ni ne. Wannan kawai za ki danna, zai sare ni. Zan juya miki baya. Ki danna lokacin da kika ga dama, amma kada ki gaya mini."